Darasi: Dokokin Kayan Kariya a Wasan Babur na Tirayal da Yadda Kowannensu Yake Aiki



Idan kana yawan kallon gajerun bidiyo a TikTok, YouTube ko Instagram, da wuya ba ka taɓa cin karo da mai babur yana hawa dutsen da ya fi shi tsawo ba, ko ya tsaya cak a kan taya ɗaya bisa gungumen itace. Wannan wasa sunansa tirayal. Bidiyon yakan nuna maka tsallen ne kawai, amma kafin a bar mutum ya shiga fili sai an duba shi da babur ɗinsa tun daga hula har zuwa sarƙa. A darasin yau za mu bi waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowace doka take karewa da fasahar da ke cikin kayan.

Mene ne tirayal?

Wasan ya samo asali ne a Birtaniya a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu ƙera babura suke son gwada ƙarfin baburansu a munanan hanyoyi. Gasar kwana shida ta Sikotilan, wato Scottish Six Days Trial, ta faro ne a 1909, kuma har yanzu ana yin ta a yankin garin Fort William. Gasar Scott Trial ta yankin Yorkshire a Ingila ta fara a 1914. Gasar duniya kuwa ta fara a 1975 a ƙarƙashin hukumar wasannin babur ta duniya, FIM, mai hedikwata a Suwizalan, kuma Martin Lampkin na Ingila ne ya fara lashe ta. A zamaninmu sunan da ya fi fice shi ne Toni Bou, ɗan yankin Kataloniya a Sifen, wanda tun 2007 yake lashe kambun duniya na fili da na cikin ɗakin wasa shekara bayan shekara a kan babur Montesa Honda.

A tirayal ba a neman wanda ya riga isa. Ana shata gajerun sassa da igiya da alamomi, a cikin duwatsu, rafi, saiwoyin bishiya ko tudu mai santsi. Mai babur zai ratsa kowane sashe ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, alƙalin sashen yana kallonsa. Taɓa ƙasa sau ɗaya maki 1 ne, sau biyu maki 2, sau uku zuwa sama maki 3. Faɗuwa, fita daga iyaka ko kasa kammala sashen maki 5 ne. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ya yi nasara.

Babur ɗin ma daban yake. Nauyinsa kusan kilo 70 ne, ba shi da kujera domin a tsaye ake tuƙa shi, injinsa yawanci tsakanin cc 125 ne zuwa 300, kuma ana rage iskar tayar baya zuwa wajen PSI 4 domin ta lanƙwashe ta kama dutse. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi sun haɗa da Montesa, GasGas, Beta, Sherco, TRRS da Vertigo.

Tunda ba a gudu, ina haɗarin yake?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Mu yi ɗan lissafi. Duk abin da ya faɗo daga tsawon mita 2 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 6.3 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 22 a awa. Daga mita 3 kuwa gudun ya kai kusan kilomita 28 a awa. Ka ga ke nan ko da babur ɗin a tsaye yake cak a kan dutse, kan mai shi zai iya bugun ƙasa kamar wanda ya faɗi yana cikin tafiya. Kuma ƙasar da zai faɗa a kai dutse ce mai kaifi, ga babur mai kilo 70 yana biyo shi a baya, injinsa a kunne.

Saboda haka dokokin suka kasu gida biyu. Akwai na abin da mutum zai sa a jikinsa domin rage ƙarfin bugu. Akwai kuma na abin da za a ɗaura wa babur domin kada shi kansa ya raunata mai shi ko mutanen da ke kusa.

1. Hular kwano

Hula wajibi ce a duk lokacin da mutum yake kan babur a wurin gasa. Dokokin FIM ba sa karɓar kowace irin hula sai wadda ta ci ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka amince da su, kamar ECE 22 na Turai, JIS T 8133 na Japan ko Snell na Amurka.

Yawancin 'yan tirayal hula mai buɗaɗɗiyar fuska suke sawa, kuma doka ta yarda. Dalili shi ne suna buƙatar ganin tayar gaba da ƙasan da ke dab da ita, suna buƙatar jin ƙarar inji da muryar mai taimaka musu, sannan wasan yana sa haki da gumi sosai. Amma fa wannan hula ba ta kare haɓa da haƙora, shi ya sa wasu, musamman yara da masu koyo, suke zaɓar wadda aka ƙara wa kariyar haɓa.

Yadda hula take aiki: ƙoƙon waje yana hana kaifin dutse huda kai, yana kuma baza bugun zuwa wuri mai faɗi. Babban aikin kuwa farin soson da ke ciki ne yake yin sa, wanda ake kira EPS, dangin wanda ake sakawa a kwalin sabuwar talabijin amma an tsara taurinsa. Idan kai ya bugi ƙasa, soson yana murƙushewa, sai ya tsawaita lokacin tsayawar kan da 'yan dubu-dubun daƙiƙa. Wannan ɗan jinkirin ne yake rage ƙarfin da zai isa ƙwaƙwalwa. Soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, don haka hular da ta sha bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da fentinta yana ƙyalli.

A gwajin ECE 22.05 ana sako hula da kan gwaji a cikinta da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, daidai da faɗowa daga kusan mita 3. Sabon tsarin, ECE 22.06, ya ƙara yawan wuraren da ake bugawa, ya kuma kawo gwajin bugun karkace, wanda yake murɗa kai ya girgiza ƙwaƙwalwa.

Ga yadda za ka karanta shaidar ECE. Ka duba igiyar haɓa, za ka ga ɗan ƙyalle da aka ɗinke a jikinta. A kai akwai harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta ba da shaidar: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E9 Sifen, E11 Birtaniya. Doguwar lambar da ke ƙasa tana farawa da 05 ko 06, wato tsarin gwajin da aka bi. Sai harafi: J na nufin buɗaɗɗiyar fuska, P na nufin kariyar haɓar ta ci gwaji, NP na nufin akwai murfin haɓa amma ba kariya ba ne. Sitikar da aka manna a bayan hula kaɗai ba hujja ba ce, domin kowa zai iya buga ta.

Masu duba kaya suna kuma gwada zaman hular a kan mai ita. A ɗaure igiya, a kama hular ta baya a yi ƙoƙarin turo ta gaba. Idan ta fita, ba ta ci ba.

2. Kariyar baya, gwiwa da gwiwar hannu

Faɗuwar da aka fi tsoro a tirayal ita ce ta baya, lokacin da babur ya kasa kaiwa saman dutse ya juyo da mai shi. Shi ya sa a gasannin FIM aka wajabta sa kariyar baya mai shaidar EN 1621-2. A gwajin ana buga ta da ƙarfin jul 50, a auna abin da ya ratsa zuwa ɗaya ɓangaren. A mataki na 1, matsakaicin abin da ya ratsa kada ya wuce kilonutan 18. A mataki na 2, kada ya wuce kilonutan 9. Wato mataki na 2 yana barin rabin ƙarfin ne kawai ya isa jiki, sai dai yakan fi kauri da zafi.

Kayan kare gwiwa da gwiwar hannu suna da tasu lambar, EN 1621-1. Da yawa daga cikin na zamani ana yin su ne da roba mai laushi wadda take taurarewa nan take idan an buge ta, kamar ta kamfanin D3O. Wannan robar ce ake sakawa a wasu rigunan waya domin kare ta idan ta faɗi.

3. Takalmi, safar hannu da tufafi

Doka ta buƙaci dogon takalmin fata, ko abin da ya kai fata ƙarfi, wanda ya rufe ƙwauri. Takalmin tirayal ya fi na gasar motokuros laushi, kuma tafinsa shimfiɗaɗɗe ne mai kama ƙasa, domin mai babur yana jin abin da babur yake yi ta tafin ƙafarsa, kuma yakan zagaya sashe da ƙafa ya duba shi kafin ya shiga. Duk da laushin, yana da tauri a ƙwauri da idon sawu, inda matakin ƙafa mai haƙora da duwatsu suke yawan bugu.

Safar hannu siririya ce, domin da yatsa ɗaya ake sarrafa kuloci, ɗaya kuma birki. Tana kare tafin hannu daga gogewa, tana kuma hana gumi sa hannu ya zame. Dogon wando da riga mai dogon hannu suna kare fata daga dutse da zafin salansa.

4. Igiyar kashe inji

Wannan ita ce na'urar da ta fi ba ni sha'awa a matsayina na mai rubuta manhaja. Dokokin FIM sun ce dole babur ya kasance da makashin inji da aka haɗa da jikin mai tuƙi ta igiyar da ba ta wuce mita 1 ba. Akan ɗaura ta a wuyan hannu. A ɗaya ƙarshen akwai ɗan murfi mai maganaɗisu da yake zaune a kan maɓalli a hannun babur. Muddin murfin yana wurin, wuta tana zuwa fulogi. Da zarar mutum ya rabu da babur, igiyar ta fizge murfin, wutar ta yanke, inji ya mutu.

Me ya sa maɓallin dannawa bai wadatar ba? Domin idan babur ya faɗi, hannun totur zai iya nutsewa cikin ƙasa ya maƙale a buɗe. Inji zai yi ta ihu, tayar baya da sarƙa suna juyawa, mai babur kuwa yana can gefe ko ma ƙarƙashinsa, ba zai iya kai hannu ga maɓalli ba. Igiyar ba ta jiran mutum ya yanke shawara. Rashin mutumin a kan babur shi ne umarnin kashewa.

A duniyar manhaja muna da irin wannan tsari. Akwai agogon tsaro da ake sakawa a ƙananan na'urori, wanda dole manhaja ta riƙa taɓa shi a kai a kai. Idan ta daskare ta daina taɓawa, sai ya sake kunna na'urar da kansa. Ƙa'idar ɗaya ce: ka tsara abu yadda idan komai ya lalace zai faɗa cikin yanayi marar haɗari. Irin wannan igiya za ka gani a injin gudu na gidan motsa jiki da babur ɗin ruwa. Dabarar maganaɗisun kuma ta yi kama da ta rigar waya mai murfi, wadda take kashe fuskar waya idan ka rufe.

5. Kariyar da ake ɗaura wa babur

Totur: dole ya koma da kansa ya rufe da zarar an sake shi. Mai dubawa zai murɗa ya saki ya gani.

Libar birki da ta kuloci: dole ƙarshensu ya zama dunƙulalle kamar ƙwallo, mai faɗin aƙalla milimita 16, domin kada su soki mutum. Libar da ta karye ta bar tsini ba ta wucewa.

Hannun babur: a toshe bakin bututun ta kowane gefe, domin buɗaɗɗen bututu yana iya yanka nama. A tsakiya kuma a sa matashin soso saboda ƙirji da fuska.

Sarƙa: a rufe ƙaramin faifai mai haƙora na gaba. A baya kuma a sa wata 'yar roba mai kama da fiffiken kifi a daidai inda sarƙa take hawa babban faifai ta ƙasa, domin nan ne take jan yatsa. Shi kansa babban faifan dole a rufe ramukansa, kada yatsa ya shiga yana juyawa.

Faifan birki: ana rufe shi da murfin roba mai tauri, kuma an hana mai baki kamar zarto.

Matakin ƙafa: idan mai naɗewa ne, dole ya kasance da sifirin da zai mayar da shi wurinsa.

Idan ka lura, yawancin waɗannan dokoki yatsu suke karewa, kuma ba na mai tuƙi kaɗai ba. A manyan gasanni kowane ɗan wasa yana da mai taimako da yake tsayawa a wurin da ya fi haɗari domin ya cafke babur idan ya kuɓuce. Mutumin da zai kai hannu ga babur mai faɗowa zai kama duk inda hannunsa ya samu. Shi ma doka ta wajabta masa hula.

6. Kamara da waya

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dokokin FIM sun hana manna kamara ko wani abu a jikin hula. An gwada hula ne tana sumul, domin ta zame a kan ƙasa. Kamarar GoPro da mazauninta suna iya maƙalewa a dutse su murɗa wuya, ko su tattara bugu a wuri ɗaya. Huda hula domin ɗaura wani abu kuwa ya ɓata shaidarta gaba ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce aboki ya tsaya a wajen igiyar sashe ya ɗauka, ko a kafa wayar a kan sanda mai ƙafa uku.

Ɗaura waya a hannun babur ma yana da nasa illar. A 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata tsarin daidaita hoto da na saita gani a kamarar iPhone. Sa ta a aljihun wando kuma yana nufin idan ka faɗi a kanta za ta bugi cinyarka, ga batirin litiyam da zai iya kama wuta idan ya lanƙwashe ko ya huje. Wurinta shi ne jaka mai soso.

Wayar tana da amfani ta wata fuskar. Agogon Apple Watch yana gano faɗuwa tun daga Series 4 na 2018, iPhone 14 na 2022 ya zo da gano haɗarin mota, wayoyin Pixel ma suna da irinsa. Sai dai an tsara su ne domin faɗuwar mutum ko karon mota, kuma suna buƙatar hanyar sadarwa kafin su kira taimako. Don haka 'yan tirayal suna riƙe da tsohuwar ƙa'idarsu: ba a fita atisaye a duwatsu mutum shi kaɗai.

7. Babura masu lantarki

FIM ta fara gasar tirayal ta babura masu batir a 2017, kuma kamfanin Electric Motion na Faransa yana cikin na gaba a wannan fanni. Yara da yawa a Turai suna farawa ne da ƙananan baburan OSET, waɗanda iyaye suke iya rage musu gudu da ƙarfi. Babur mai lantarki yana da wani haɗari na musamman: yana iya kasancewa a kunne ba tare da ƙara ba. Wanda ya zo ɗaga shi ya murɗa totur bisa kuskure, sai ya fizge da cikakken ƙarfi. A nan igiyar kashewa ta ƙara muhimmanci.

Dokoki suna bambanta

Abin da muka kawo ya fi karkata ga gasannin FIM. Kowace ƙasa tana da hukumarta, kamar ACU a Birtaniya da AMA a Amurka, kuma kowace gasa tana fitar da ƙarin dokokinta. Misali, gasar kwana shida ta Sikotilan tana bi ta titunan jama'a tsakanin sassa, don haka dole babur ya kasance da rajista da inshora, mai tuƙi kuma da lasisi. Ana kuma sabunta dokoki kowace shekara, shi ya sa ɗan wasa yake sauke littafin dokokin shekarar da zai yi gasa daga shafin hukumar.

Abin da ya shafi mai babur a nan gida

Babur ɗin da muke hawa zuwa makaranta ko kasuwa ya fi na tirayal nauyi, tayarsa tauri ce da ita, ba shi da igiyar kashe inji. Kwaikwayon abin da aka gani a bidiyo da shi, ko a wasan babur na biki, haɗa haɗari biyu ne: tsallen tirayal da gudun titi, ba tare da ko ɗaya daga kayan da muka lissafa ba.

Hular tirayal ma ba ita ce ta fi dacewa da titi ba. A titi akwai gudu da motoci, don haka mai rufe haɓa, mai harafin P, ta fi. Wani nazarin Cochrane na 2008 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Da aka fara tilasta dokar hula a Najeriya a Janairun 2009, an ga wasu 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya a kai domin kauce wa kamu. Bayan bayanin soson EPS da muka yi, ka san abin da ƙwarya da hular leburan gini suka rasa.

Kafin ka hau babur gobe, ka ɗauki minti ɗaya ka yi irin binciken da ake yi wa 'yan tirayal:

Ka duba ƙyallen shaida a igiyar hularka, ka ɗaure ta, ka gwada turo hular daga baya.
Ka murɗa totur ka saki, ka tabbata ya koma da kansa.
Ka duba libar birki da ta kuloci, idan ɗaya ta karye ta bar tsini ka canza ta.
Ka tabbata murfin sarƙa yana nan, musamman idan kana ɗaukar mai doguwar riga ko hijabi.
Ka sa takalmi mai rufe ƙafa a maimakon silifas.
Ka ajiye lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, 122, da lambar gaggawa ta 112 a wayarka.

A darasi na gaba za mu duba yadda na'urar auna motsi da ke cikin waya take gane cewa mutum ya faɗi. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.